Tsohuwar Fijo da motar zamani: da wane mudu muke awo?

A makon jiya na kai motata gareji domin a duba mini birki, sai na tarar da wata muhawara da na sha ji tun ina yaro, amma ba ta taɓa tsaya mini a rai kamar wannan karon ba. An jawo wata Corolla wadda gabanta ya lotse har kusa da gilashi, kamar an tattaka gwangwani. A gefenta kuma ga wata tsohuwar Fijo 504 ta wani dattijo, wadda ya kawo domin a wanke mata kafireto. Dattijon ya zagaya Corollar yana girgiza kai, sannan ya koma ya ƙwanƙwasa bodin tasa motar da bayan yatsa, ya ce wa masu gareji: "Kun ji ƙarfe. Waccan kuwa gwangwanin madara ce aka shafa wa fenti." Kowa ya yi dariya, kowa ya gyaɗa kai.

Babu wanda ya tambayi abin da ya sami mutanen da ke cikin Corollar. Da na tambaya, sai yaron gareji ya nuna mini wani magidanci da ke zaune a benci, ya ce ai ga mai motar nan, shi da iyalinsa ne a ciki, kuma ban da ƙujewar da bel ya yi masa a kafaɗa babu abin da ya same su. Mutumin da ake yi wa motarsa dariya yana zaune a tsakaninmu da ƙafafunsa biyu, yana cinikin bamba da fitila, amma idon kowa yana kan ƙarfen da ya lanƙwashe.

Ra'ayina a kan wannan magana shi ne, motar zamani ta fi ta da a abubuwa biyun da suka fi komai muhimmanci ga mai mota, wato tsare ran wanda ke ciki da kuma tattalin mai. Motar da tana da fifiko guda ɗaya na gaskiya wanda ba zan raina ba, shi ne duk inda ta tsaya ana samun mai gyara ta. Sauran yabon da ake yi mata, mafi yawansa begen zamanin da ya wuce ne, kuma kaso mai yawa na laifin da muke ɗora wa motar zamani laifin hannunmu ne.

Idan na ce motar da, ina nufin motocin zamanin kafireto, irin su 504 da 505 da Bitil da Datsun. Idan na ce motar zamani, ina nufin wadda kwamfuta ke auna mata mai, mai jakar iska da birkin da ba ya kulle taya, wato galibin motocin da aka ƙera daga wajajen shekarar 2000 zuwa yau, ko da kuwa a hannu na uku suka iso gare mu.

A ba 504 haƙƙinta

Ba banza mutanenmu suke ƙaunar wannan mota ba. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, kuma a 1975 ita ce ta lashe gasar Safari ta Kenya, wadda ake yi a kan hanyoyin burji da taɓo da duwatsu. A wannan shekarar ta 1975 ne masana'antar Fijo da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma an ci gaba da haɗa 504 a Nijeriya shekaru masu yawa bayan Turawa sun daina yayinta. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye rami, tayoyin baya ne ke tura ta, saboda haka ta dace da hanyoyinmu kamar don su aka yi ta.

Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar tasha, ita ce ta kai amare da alhazai da marasa lafiya. Wanda ya girma a wancan lokaci, idan ya ga 504 yana tuna zamanin da albashin ma'aikaci kan iya sayen sabuwar mota fil da rancen ofis, da zamanin da Kaduna ke haɗa Fijo, Bauchi ke haɗa Steyr, Kano ke haɗa manyan motocin Fiat. Wannan bege halal ne, ni ma ina da nawa kason. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma bai kamata ɓacin ranmu da halin da ƙasa ta shiga ya zama shi ne mudun da za mu auna ingancin inji da shi ba.

Maganar kaurin ƙarfe

A nan ne kuskuren ya fi girma, saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Idan mota tana gudu ta ci karo da wani abu, ƙarfin gudun nan ba ya ɓacewa, dole ne wani abu ya shanye shi. Ko dai ƙarfen motar ya shanye shi ta hanyar lanƙwashewa, ko kuma ya wuce kai tsaye zuwa ƙirji da wuya da kan wanda ke zaune a ciki. Babu hanya ta uku. Kuma ƙarfin yana ƙaruwa fiye da yadda ake zato, domin idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon yana ninkuwa sau huɗu ne.

Duk wanda ya taɓa kai ƙwan zabi kasuwa ya san wannan ilimi ko da bai shiga aji ba. Ba ya zuba ƙwai a cikin tukunyar ƙarfe tsurarta don wai ta fi ƙwari, yakan zuba ƙaiƙayi ne a cikin kwando, domin idan kaya suka bugu, ƙaiƙayin ya lotsa ƙwai ya tsira. Idan tukunyar ƙarfe ta faɗi daga kan jaki, za a ɗauke ta lafiya lau babu ko lotsawa, amma abin da ke cikinta ya zama na suya. Dattijon gareji tukunya yake yabo.

Lotsewar gaban motar zamani da gangan aka tsara ta. Wani injiniya na kamfanin Marsandi mai suna Béla Barényi ne ya fito da wannan dabara a farkon shekarun 1950, kuma ta fara bayyana sosai a motocin kamfanin a 1959: a yi gaba da bayan mota su kasance masu naɗewa, a kuma yi ɗakin da fasinja ke zaune da ƙarfe mai tsananin ƙarfi wanda ba ya naɗewa. A wannan shekarar ta 1959 ne kuma kamfanin Volvo ya fara sa bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, irin wanda muke gani a kowace mota yau. Fatar bodin da ake danna wa yatsa a ce gwangwani ce, ba ita ce ke riƙe da motar ba. Ƙashin yana ciki, a ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da ƙasan kujeru da kewayen rufi, inda yatsa ba ya kaiwa.

An ma gwada abin a fili. A 2009, wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa karo tsakanin motoci biyu na kamfanin Chevrolet, ɗaya ƙirar 1959, babba mai kaurin ƙarfe irin wadda dattawa ke yabo, ɗaya kuma ƙirar 2009, kowacce tana gudun kusan kilomita 64 a awa. A tsohuwar, ɗakin direba ya rufta, sitiyari ya taso ya daki mutum-mutumin da aka zaunar a kujera. A sabuwar, gaba ya ragargaje, amma ɗakin direba ya tsaya yadda yake. Hoton bidiyon yana nan a intanet, kuma ina ganin ya kamata a riƙa nuna shi a kowace tashar mota.

Bayan tsarin bodi akwai abubuwan da ke hana haɗarin aukuwa tun farko. Birkin da ba ya kulle taya, wanda ya fara yaɗuwa daga 1978, yana ba direba damar taka birki iya ƙarfinsa kuma yana juya sitiyari, maimakon motar ta zame ta miƙe inda ta ga dama. Duk direban da ya taɓa taka birkin gaggawa a kan kwaltar da ruwan farkon damina ya jiƙa, ko akuya ta faɗo masa a bakin ƙauye, ya san abin da nake nufi. Akwai kuma na'urar da ke daidaita mota idan ta fara juyawa a kwana, wadda Amurka ta wajabta wa sababbin motoci daga 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Galibin tsofaffin motoci ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na san za a ce ai rai da ajali a hannun Allah suke, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa yake zai tafi. Haka ne, babu musu. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya koya mana mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma ban taɓa ganin wanda ya cire birkin motarsa ya ce ya dogara ga Allah ba. Idan birki sababi ne, to bel da jakar iska da bodi mai naɗewa su ma sabubba ne.

"Ai ta da ta fi daɗewa"

Hujja ta biyu ita ce, ga 504 mai shekara 40 tana yawo, wace motar zamani ce za ta yi haka?

Wannan lissafi yana da rami a tsakiyarsa. Muna ƙirga waɗanda suka rage ne, ba ma ƙirga waɗanda suka tafi. Dubun dubatar 504 aka haɗa a Kaduna, ina suke? Yawancinsu tsatsa ta cinye su, ko sun ƙare a gefen hanya, ko masu sayen ƙarfe sun auna su a sikeli. 'Yan kaɗan da suka rage su ne waɗanda suka faɗa hannun mutum mai tattali, wanda ba ya ba da aro, ba ya lodi, ba ya wuce lokacin juyen baƙin mai. Idan aka ga tsoho mai shekara 100 a gari, ba a cewa mutanen zamaninsa duka sun kai ɗari.

Sannan a tambayi mai tsohuwar motar sau nawa aka sauke mata inji, sau nawa aka sa mata ringi, sau nawa aka yi mata walda a ƙasa. Sau da yawa abin da ya rage na asali bai wuce lambar bodi da takardu ba. Mun kuma manta da yadda rayuwa da motar da take: galan ɗin ruwa a but saboda lagireto, fanbel na ko-ta-kwana, turi da sassafe a lokacin hunturu, yara suna tura mota maigida yana sakin kuloci, da tsayawa a hanya ana busa kafireto da baki. A wancan zamani wannan duka ba a ɗauke shi lalacewa ba, an ɗauke shi wani ɓangare na mallakar mota.

Idan kuwa ana neman shaidar juriyar motar da kwamfuta ke sarrafawa, a je tasha. Golf da Sharon da Sienna da Corolla da 406 su ne ke jigilar mutane tsakanin garuruwanmu yau, da lodin da ya ninka abin da aka ƙera su dominsa, bayan sun riga sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka. Direban haya ba ya sayen mota don bege, lissafin abin da zai kai gida da yamma yake yi, kuma direbobin haya sun daɗe da ajiye 504.

Mai

A da wannan magana ba ta da nauyi sosai, domin fetur yana da araha. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama.

Kafireto yana zuba mai ne bisa saitin da makaniki ya yi masa da sukundireba da kunnensa, kuma saitin nan ɗaya ne ko da sanyi ko da zafi, ko a hawa ko a gangara. Injin zamani kuwa yana auna iskar da ke shiga da hayaƙin da ke fita a kowane lokaci, ya ba kowace silinda gwargwadon abin da take buƙata. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, tafiyar da ta haura kilomita 200, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, aljihunsa ya riga ya gaya masa.

Inda motar da ta yi nasara

Yanzu ga hujjar da nake girmamawa. Idan 504 ta mutu a tsakanin ƙauyuka biyu, makaniki mai sifana uku da fulaya zai tashe ta, wani lokaci ma direban da kansa zai ɗaure abin da ya kwance da waya ya lallaɓa zuwa gari. Idan motar zamani ta ɗauke wuta a wuri ɗaya, wataƙila wata 'yar na'ura ce da ba ta kai girman babban yatsa ba ta mutu, amma babu mai iya gano ta sai da na'urar gwaji, kuma sai an jawo motar zuwa birni. Ga mutumin karkara, ko wanda sana'arsa ke kai shi inda babu ko sabis na waya, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba zan ga laifinsa ba idan ya zaɓi abin da zai iya gyarawa.

Amma a duba abin da muke yi wa motar zamani idan ta shigo hannunmu, sannan a faɗi wanda ya cuci wani.

Ranar da ta iso, shawarar farko ita ce a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Alhali an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, kuma idan bai kai ba, kwamfutar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara mai. Daga nan sai a zubar da ruwan lagireto na musamman a ɗura ruwan rijiya, wanda ke barin gasari da tsatsa a cikin hanyoyin ruwa. Sai a zuba baƙin mai mai kauri a injin da aka rubuta masa mai tsinkakke a kan murfinsa, saboda an saba da cewa mai kauri shi ne mai kyau. Sai a fasa salansa a cire abin tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci ba da saninsa ba, domin akwai ma'adanai masu tsada a cikinsa kuma akwai masu saye. Idan fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, maimakon a tambayi abin da take faɗa, sai a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif.

Bayan shekara biyu motar ta fara shan mai, ta fara hayaƙi, ta ƙone gaskit, sai a taru a gareji a ce motocin yanzu ba su da ƙwari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, motar zamani ita ce ma ke faɗin ciwonta da bakinta. Tun daga 1996 Amurka ta wajabta wa kowace mota wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake soka na'urar gwaji ta karanto lambar matsalar, kuma yau akwai ƙananan irin wannan na'ura da ke aiki da wayar hannu, waɗanda kuɗinsu bai kai na cikon tanki ɗaya ba. Makanikin da ya iya karanta ta ya huta da canke, mai mota kuma ya huta da sayen kayan da lafiyarsu ƙalau.

Kada a ce mini mutanenmu ba za su iya ba. A shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a ga samarin da ke buɗe wayar da ta fi kwamfutar mota sarƙaƙiya, suna ɗaga ƙananan sassa da hucin wuta a ƙarƙashin madubi, kuma yawancinsu a wurin ubangida suka koya, ba a jami'a ba. A shiga Panteka a Kaduna a ga abin da ake ƙerawa da hannu. Basira tana nan. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin kanikawa da kwalejojin fasaha da gwamnatocin jihohi su ɗauki koyar da wutar mota da na'urar gwaji da muhimmanci, su kuma masu mota su yarda su biya kuɗin bincike. Mutumin da zai biya dubban nairori a canza masa famfon mai bisa zato, shi ne zai yi fushi idan aka ce ya biya kuɗin gwaji, wai ai ba a taɓa komai ba.

Aljihu

Akwai wanda zai ce duk wannan magana ta masu hali ce, shi abin da ya samu shi zai hau. Wannan gaskiya ce, kuma ba da shi nake ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024, kuɗin kwastam ya bi ta, farashin mota da na kayan gyara suka bi su. Malamin makarantar da ke lallaɓa akwalarsa don ya kai 'ya'yansa makaranta bai yi laifin komai ba. Da wanda nake shi ne mai halin zaɓi, wanda ke zaɓa da mudun da bai dace ba, da kuma mai ba shi shawara a majalisa.

Kuma gaskiya ita ce, kalmar "sabuwa" a bakinmu ba ta nufin sabuwa. Tana nufin 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam, sunayen da suka zauna daram duk da cewa gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. A cikinsu akwai masu lafiya, akwai kuma waɗanda suka yi mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye su, kamfanin inshora ya yafe su, aka sayo su a gwanjo.

A nan ne hujjata take iya juyowa ta sare ni, kuma gara in faɗa da kaina. Motar da ta riga ta yi karo, ƙashinta ya naɗe, aka miƙar da shi da wuta da guduma, ta riga ta kashe kariyar da aka gina mata, domin ƙaiƙayin nan sau ɗaya yake aiki. Idan kuma jakar iskarta ta fashe aka cusa tsumma a gurbinta aka liƙe murfin, to mai ita yana yawo ne da suna kawai. Irin wannan mota ba ta fi 504 tsaro da komai ba, wataƙila ma ta fi ta haɗari, tunda ta fi ta gudu. Kowace motar zamani tana da lambar bodi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ga wadda ta fito daga Amurka ana iya bincika tarihinta da wannan lamba a intanet kafin a biya ko kwabo. Mutane ƙalilan ne ke yi. Mun fi duba fenti da sanyin esi da ƙarar rediyo.

Abin da ke ba ni haushi a motocin yau

Ba zan ɓoye ba, akwai abubuwan da masu ƙera motoci suka ɓata. Sun mayar da maɓallan da hannu ke lalubawa ba tare da an duba ba zuwa cikin allon gilashi, wanda sai direba ya ɗauke ido daga hanya. Sun matso da cikin mota kusa da ƙasa, sun sa tayoyi marasa kauri waɗanda rami ɗaya ke fasawa har da lanƙwasa rim. Fitilar gaba guda ɗaya ta wasu motocin ta kai kuɗin babur na hannu, makulli idan ya ɓace sai an nemo mai kwamfuta. Ƙananan injuna masu turbo kuma ba sa haƙuri da gurɓataccen mai, kuma ba mu manta da fetur mai yawan sinadarin methanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ba.

Haka kuma fitowa daga leda ba ita ce shaidar tsaro ba. A 2020 ƙungiyar Global NCAP, mai gwajin tsaron motoci, ta haɗa karo tsakanin sabuwar a-kori-kura ƙirar Nissan da ake sayarwa a Afirka ta Kudu da wata ta hannu ƙirar 2015 ta kamfanin ɗaya da aka yi wa kasuwar Turai, sai ta hannun ta fi sabuwar kare direba nesa ba kusa ba. Wato akwai motar da shekarar jikinta sabuwa ce amma tsarinta na da ne, an ci gaba da ƙera ta ne don kasuwar da ba ta tambaya. Saboda haka idan na ce motar zamani, tsarin nake nufi, ba shekarar da ke rubuce a takarda ba.

Da ɗan'uwana zai nemi shawarata yau, ba zan tura shi ga 504 ba, ba kuma zan tura shi ga motar da ta fito bana wadda babu mai kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba. Zan ce ya nemi ta tsakiya, wadda ke da jakar iska da birkin zamani, wadda ta yi yawa a gari har kanikawa sun san halinta kuma kayanta suna ko'ina, ya binciki lambarta, ya sa a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta, ya tabbatar fitilar jakar iska tana kamawa idan an murɗa makulli sannan ta mutu da kanta. Idan ya saya, ya bar ta yadda maƙeranta suka yi ta, ya kuma ɗaura bel, shi da na gaba da na baya, ba sai ya hango jami'an kiyaye haɗurra ba, domin jakar iska ba tare da bel ba tana iya zama ita ce mai raunata shi.

Kafin in bar garejin ran nan, na matsa kusa da dattijon na gaishe shi, na ce: "Baba, da wannan karon da 504 aka yi shi, kana ganin mai ita zai zauna a bencin can?" Ya yi shiru yana kallon magidancin, sannan ya ce shi dai a shekara 30 da ya yi da motarsa bai taɓa karo ba. Na ce Allah ya ƙara tsarewa, ya ce amin. Daga nan na juya wurin makanikina na tambaye shi ko tamostat ɗin motata yana nan. Ya ce ai tun zuwanta na farko ya cire mini shi, don ya taimake ni. Na ba shi kuɗi na ce gobe ya shiga kasuwa ya nemo wani ya mayar.